Daɗaɗɗen Ciwo da Ƙuncin Zuciya

Lalle duk likitan da ya jima yana duba marasa lafiya ya san wani irin majinyaci wanda katinsa ya yi kauri saboda yawan zuwa, ya shekara yana kukan baya, ko gwiwa, ko amosanin jini mai tasar masa duk hunturu, an ɗauki hoto, an auna jini, an sauya ƙwayoyi iri iri, alhali kuwa ramar da ke zuciyarsa ta fi wadda ke jikinsa. Masana sun yi ittifaƙi cewa ciwon da ya haura wata 3 yana iya zama illa mai zaman kanta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware masa gurbi a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022.

Sababin haɗuwarsa da ciwon damuwa ba ɓoyayye ba ne. Allah cikin hikimarsa ya sanya waɗansu jijiyoyi masu saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa laka domin su rage kaifin raɗaɗi, kuma sinadaran da suke aiki da su, wato serotonin da noradrenalin, su ne dai ke da hannu a walwala da barci. Saboda haka idan raɗaɗi ya hana mutum runtsawa, ya raba shi da gona da kasuwa da sahun jam'i, sai zuciya ta ƙuntata, idan kuwa ta ƙuntata sai ciwon da jiya ake iya daurewa ya zama yau ba ya dauruwa. Magabata ma ba su jahilci wannan ba, domin Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya wallafa Masalihul Abdani wal Anfus a kan yadda jiki da rai ke cutar da juna.

Sau da yawa dattijuwa takan zazzage mini leda cike da fankon tramadol da diklofenak na kemis, in na ce, “Baba, yaya barci?” sai ta sunkuyar da kai ta ce rabonta da shi tun kafin azumi, abinci ba ya mata daɗi, ko hayaniyar jikoki ba ta so. Nan take ɗan rakiya zai karɓe da cewa haƙuri ne ya yi mata ƙaranci. Wannan hukunci, a ganina, zalunci ne, don kuwa cuta ba ta nuna raunin imani, neman magani kuma ba ya warware tawakkali. Ƙwayoyin nan kuwa, tramadol yana jawo jaraba, diklofenak kuma yana cin ciki da ƙoda.

Idan muka rubuta amitriptilin, maganin ciwon damuwa, kaɗan a sha da dare, waɗansu sukan yi fushi, wai an mai da su masu taɓin hankali, ba su san yana taɓa raɗaɗin kansa ba, sai dai yana bukatar makonni kafin fa'idarsa ta bayyana, tare da motsa jiki a hankali da komawa cikin mutane.

Jama'a, wanda ke da mai daɗaɗɗen ciwo a gida, ya ga ya yi mako 2 cikin ƙunci da ƙin abinci da rashin barci, to ya faɗa wa likita wannan kamar yadda yake faɗin ciwon bayan. In kuwa har ya fara cewa gara mutuwa, a kawo shi asibiti a ranar, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.