Darasi: Kuɗin Haihuwa da Katin Inshora

Mu ɗauka mata uku sun haihu a asibiti rana ɗaya. Haihuwa iri ɗaya, amma kuɗin da mazajensu suka biya ya bambanta. Me ya kawo haka? Inshorar lafiya.

Inshora kamar adashi take. Mutane da yawa suna zuba kuɗi kaɗan-kaɗan. Wanda ciwo ya kama, ko wadda haihuwa ta zo wa, sai a biya asibiti daga cikin asusun.

Ta farko matar ma'aikacin gwamnatin tarayya ce a Jega. Mijinta yana cikin shirin da aka fara a 2005, wanda hukumar NHIA take kula da shi tun 2022. Katinsa ya haɗa da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata biyu ya lura da wannan. Awon ciki da karɓar haihuwa suna cikin katin. A magani kuwa, kashi 10 cikin 100 yake biya. Idan magani ya kama naira 5,000, nasa naira 500 ne.

Ta biyu daga wani ƙauyen Maiyama take. Mijinta ba shi da albashi, amma an rubuta sunanta a shirin marasa ƙarfi. Kuɗin shirin daga gwamnatin tarayya yake fitowa, bisa dokar lafiya ta 2014. A Kebbi hukumar KECHEMA ce take rajista. Awo, magani da haihuwa a asibitin mazaɓarta, bai kamata a karɓi ko kwabo ba. Sai dai katin yana aiki ne a asibitin da aka rubuta ta.

Ta uku matar manomin albasa ce a Aliero. Ba ta da kati. Kuɗin awo, safar hannu, allura, ƙarin ruwa, duk daga aljihun maigida. In haihuwa ta zo da sauƙi, abin bai yi nauyi ba. In ta zo da gardama, aka ce sai an yi aiki an ciro jariri, nan ne albasar da aka ajiye jiran tsada take tafiya a arha. Wani ma sai ya tsaya neman rance, mace tana naƙuda. Wannan jinkirin shi ya fi ba ni tsoro.

A watan Nuwamba na 2024 gwamnatin tarayya ta sanar cewa za a riƙa yi wa mata marasa ƙarfi wannan aiki kyauta, a asibitocin da aka zaɓa. Ku tambayi ma'aikaciyar awo wanne ne ya fi kusa da ku.

Rajista tana ɗaukar lokaci, ba a yin ta ranar naƙuda. Maigida, ka kai ta tun ciki yana ƙarami, ku tafi da lambar katin ɗan ƙasa. Ka kuma ware kuɗin mota a gefe, domin dare kan yi, direba kuma ba ya karɓar kati.