Ƙwallo da Littafi

Jama'ar Alakos, ku duba filin gari da la'asar. Yara sun cika shi suna buga ƙwallo, ko da ta tsumma ce. Ba wanda ya kira su. Amma a ce su ɗauko littafi, sai kowa ya watse. Yaron da bai iya karatu ba, gobe wani ne zai karanta masa wasiƙarsa, da takardar likita, da takardar bashi.

Wannan damuwa ba tamu kaɗai ba ce. A ƙasar Ingila ma akwai yaran da ba sa son karatu. A shekarar 2003, manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙasar suka haɗa kai da wata ƙungiyar yaɗa karatu. Kowace ƙungiya ta fid da ɗan wasa ɗaya. Shi kuma ya faɗi littafin da ya fi so. Sai aka riƙa tara yara da iyayensu a ɗakunan karatu, ana karanta littattafan tare. Yaro ya ji gwaninsa yana karatu, shi ma sai ya so ya gani.

Wani zai ce ai waɗannan masu kuɗi ne. To, mu je Kenya. A birnin Nairobi akwai wata unguwar talakawa, sunanta Mathare. A 1987 aka kafa ƙungiyar wasannin matasa a can. Ƙungiyar yaran da ta share unguwa ana ƙara mata maki, kamar ta ci wasa. Daga baya suka buɗe ɗakunan karatu cikin unguwannin, inda yara ke zama su yi karatu.

Mu ma muna da abin farawa. Yaranmu sun san Mena, ƙungiyar ƙasarmu, wadda ta je gasar kofin Afirka karo na farko a 2012, ta koma a 2013. Sunan gajere ne, baƙaƙe 4: M, e, n, a. Daga nan ake iya soma darasi.

Ga abin da samarin Garazu da na sauran garuruwa za su iya yi. Kafin wasa, a kawo allo da alli bakin fili. Kowane yaro ya rubuta sunansa da lambarsa. Wanda ya kasa, kada a kore shi, kada a yi masa dariya. Abokinsa ya kama masa hannu. Bayan wasa, yaro ɗaya ya rubuta yadda aka tashi, wani ya karanta da ƙarfi. A bar ƴan mata su ma su zo.

Aikin wannan mako: ku rubuta sunayen yara 11 na unguwarku, ku kawo wa malami. Ku sa alama gaban sunan wanda ya iya rubuta nasa da kansa.