Gyaran Jiki Ba Sai Da Tsada Ba: Jan Hankali Ga Matan Boɗinga Da Shagari

Uwargida, ki sani ƙasar Sakkwato ba ta raga wa fata. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke busar da jiki, leɓe ya tsattsage, faso ya kama dunduniya. Da bazara kuma zafi ya haura digiri 40, ƙuraje su feso a wuya. Maganin hunturu yana nan kasuwar Boɗinga da ta Shagari: man kaɗanya. Ki shafa shi da fitowarki wanka, jiki na da sauran danshi. Faso kuwa, ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, ki goge kaushin da dutse, ki shafa mai, ki kwana da safa.

Kitson da ya hana ki barci ba gwaninta ba ce, shi ke cinye gashin gaban goshi. Ki ce wa makitsiya ta sassauta hannu. Kada ki ɗaura ɗankwali a kan jiƙaƙƙen kai, kuma kowace yarinya da matajinta, domin ta aron mataji ne kwarkwata da makero ke zaga gida.

Farce, sunna ta hana a bar shi ya wuce kwana 40. Amma rezar da wani ya yi amfani da ita na iya ɗauke da ciwon hanta, don haka ki ajiye taki.

To, ga inda gizo ke saƙar: man bilicin. Daga Sifawa har Kajiji, da biki ya matso sai ka ga amarya ta koma fara cikin mako kaɗan, gwiwa da gaɓoɓin yatsu suna tona asiri. Wasu mayukan na ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda, wasu na siranta fata har rauni ya ƙi warkewa, ɗinkin likita ya ƙi kamawa bayan tiyatar haihuwa. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana shafe-shafen nan a matsayin babbar barazana ga lafiyar ƙasa. Mafi muni, akwai uwayen da ke shafa wa jarirai. Wannan zalunci ne. Haka baƙin lalle mai haɗin sinadari, yakan ƙona fata. Jan lallenmu na ganye ya fi aminci.

In ƙaiƙayi ko tabo ya ƙi tafiya, ki bar haɗe-haɗen maƙwabta, ki je asibiti a duba ki.