Walda Iri Biyu: Ta Sanda Da Ta Waya

Damina ta faɗi, kowa yana huɗa, sai garmar shanu ta karye a gona. In aka yi kwana biyu ba a gyara ba, laima ta tafi. Dole a ɗauke ta a nufi wurin mai walda, a Ɗambatta ko Bichi. Don haka ya kamata mu san aikin nan, ko da ba mu ne za mu yi shi ba.

Walda ita ce haɗa ƙarfe biyu da zafin wutar lantarki, su narke su zama ɗaya. Yau iri biyu za mu duba.

Ta farko ita ce ta sanda, wadda muka saba gani a bakin hanya. Sandar ƙarfe ce siririya, an lulluɓe ta da wani abu mai kama da busasshen yumɓu. Wani mutumin ƙasar Suwidin, Oscar Kjellberg, shi ya ƙago lulluɓin nan wajen 1907. In sanda ta kama wuta, lulluɓin yakan ƙone ya tare iska, kada ta ɓata haɗin. In ya huce sai a kankare ɓawon da ya bari. Masu walda suna kiran siririyar sanda geji 12, wadda ta fi ta kauri kuwa geji 10.

Ta biyu ita ce ta waya. A Amurka aka fito da ita cikin 1948. Waya ce a naɗe cikin inji, kamar zare a keken ɗinki. Injin ne ke turo ta da kansa, ba a tsayawa sauya sanda. Ba ta da lulluɓi, sai gas da ke fitowa daga tulun ƙarfe yana tare mata iska.

To, wace ta fi? Ta waya ta fi sauri, ta fi tsabta, ta fi sauƙin koyo. Ba ta cika huda ƙarfe marar kauri ba, irin na ƙofa da jikin mota. Amma injinta da tsada, kuma in gas ya ƙare sai an je birni. Ba ta son tsatsa. Iskar hunturu kuwa takan kore gas ɗin, haɗin ya fito da ƙananan ramuka, ya sake karyewa.

Ta sanda tana da wuyar koyo, amma injinta da araha. Tana jure iska, tana jure 'yar tsatsa. Ga garma da amalanke, su ke nan aikinmu na karkara, ita ce daidai. Sai dai a ajiye sanduna inda danshi ba ya kai musu.

Saboda haka, in ɗanka zai kama sana'ar nan a ƙauye, ko kuwa gyaran kayan gida kaɗai yake so, ya fara da ta sanda. In ya buɗe shago mai rufi a gari, aiki ya yi yawa, sa'an nan ya nemi ta waya.

Abu ɗaya kuma, jama'a: kada mu kalli hasken walda ba tare da baƙin gilashinta ba. Yana ƙona ido, sai dare ya yi mutum ya ji kamar an zuba masa yashi. Mu kori yara daga wurin.

Tambayoyi

1. Mene ne amfanin lulluɓin sanda?
2. Don me iskar hunturu ke ɓata waldar waya?
3. Wace walda ta dace da gyaran garma?