Kafin ka sayi tanti, ka tuna da rana da iska

Aikina kafa matsuguni ne ga waɗanda ambaliya ko 'yan bindiga suka raba da gidajensu. Daga masu gadin albasa a fadamar Wurno har magidantan da suka yi gudun hijira zuwa Gandi a ƙaramar hukumar Rabah, tambayar da aka fi yi mini ita ce: "Malam, wanne ne ba ya yoyo?" Amma damina a nan daga Yuni zuwa Satumba ce kawai. Rana da iska su ke cinye tanti.

Ƙananan tantunan nailan da ake shigowa da su, ba don zafinmu aka ɗinka su ba. A watan Afrilu, in zafi ya haura digiri 40, cikinsu tanderu ne. Na ga uwa ta fito da jariri sharkaf da gumi tun hantsi bai yi nisa ba. Ita kuwa shuɗiyar ledar nan mai arha, rana ke gasa ta har ta fara farfashewa, hadarin farko ya ƙarasa ta.

In kuɗinka kaɗan ne, ka zuba su a tamfol mai kauri, fari daga waje. Ɗaga shi ga rana. In haske na ratsa shi, ajiye wa masu sayarwa kayansu. Ka shafa bakinsa ka ji ko an ninka an ƙarfafa shi, don daga nan yagewa ke farawa. Bango kuwa zana ta wadatar, iska na shiga. In ka ɗora rumfar kara a sama, ka bar tazara tsakaninta da tamfol ɗin, za ka ji bambanci nan take. Sai dai murhu ya yi nesa, kuma ko hunturu ya tsananta kada a kwana da garwashi a ciki.

Ƙofa kada ta kalli gabas, daga can hadari ke tasowa. Turaku su nutse sosai, rairayi ba ya riƙo. A kafa a kan tudu, a haƙa magudana kewaye. Wanda ya ga ambaliyar 2010 a Goronyo ya san dalili.

Ma'aunin ƙungiyoyin agaji shi ne murabba'in mita 3.5 ga kowane mutum, wato iyali mai mutum shida na buƙatar 21. Tamfol ɗaya mai mita 4 da 6, in an karkata shi don ruwa ya gangara, da ƙyar ya kai haka. Ka kuma ware kuɗin gidan sauro tun farko, musamman in kusa da gulbin Rima za ka kwana.