Mai Bin Almasihu da Cin Hanci a Gaban Ɗan Sanda

A karanta: 1 Sama'ila 8:1-5, Luka 3:12-14, Ayyukan Manzanni 24:24-27.

Ya ɗan'uwa, kai da ka soma bin Ubangiji Yesu, da kai kuma da ka ke binciken hanyarsa tukuna, ga wata magana wadda ba za ka daɗe ba sai ta tare ka a hanya. Idan ka shiga mota daga Sakkwato za ka Illela, ko Gusau, ko Birnin Kebbi, ka san abin da a kan yi sa'ad da aka kai shinge. Direba ya rage gudu, yaron mota ya dunƙule takardar kuɗi cikin tafin hannunsa, hannu ya taɓa hannu, mota ta wuce. Ba wanda ya ce uffan. Ɗan kabu-kabu ya san wannan, mai kai albasa kudu ya sani, har yaro ƙarami da ke kan cinyar uwarsa yana kallo yana koyo. Muna kiransa na goro, ko na ruwa, domin kada sunansa na gaskiya ya yi mana nauyi a baki. Amma Littafi Mai Tsarki bai sāke masa suna ba. Rashawa ce, cin hanci ke nan.

Sai ka fara duba labarin 'ya'yan Sama'ila. Sama'ila annabi ne mai gaskiya, wanda ya yi wa Isra'ila shari'a tun yana saurayi har ya yi furfura. Da ya tsufa ya naɗa 'ya'yansa biyu, Yowel da Abaija, su zama alƙalai a Biyer-sheba. Amma ba su bi sawun ubansu ba. Suka bi riba, suka karɓi rashawa, suka karkatar da shari'a. To, ka lura da abin da ya biyo baya. Dattawan Isra'ila suka taru wurin Sama'ila a Rama, suka ce a naɗa musu sarki kamar na sauran al'ummai. Watau sun fid da zuciya ga dukan tsarin da su ke ciki saboda mutum biyu. Kuɗin da samarin nan suka ci, ko nawa ne, ya ƙare tun da daɗewa. Abin da suka sayar, amanar jama'a ce, ita kuwa ba su iya sayo ta ba.

Mutanen Sakkwato ba baƙi ba ne ga wannan magana. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafta ayyukan da ya ga sarakunan ƙasar Hausa suna yi waɗanda ya ƙi, a cikinsu kuwa akwai ba alƙalai rashawa, da gaisuwar da talaka kan kai wa mai mulki. Saboda haka in maƙwabcinka Musulmi ya ga ka ƙi ba da toshiyar baki, ba zai ce ka kawo baƙon abu ba. Shi ma lamirinsa yana shaida masa, gama Allah bai bar kowane mutum ba shaida.

A zamanin sarakuna dogarai ke tsare gari. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a shekarar 1903, aka bar dogarai, daga baya aka kafa 'yan doka a ƙarƙashin En'e. A shekarar 1930 aka haɗa 'yan sandan gwamnati na Arewa da na Kudu suka zama runduna ɗaya, bayan juyin mulkin 1966 kuma aka soma zuba 'yan dokan En'e cikinta, har ya zama rundunar 'yan sanda ɗaya ce ga ƙasa duka. An yi haka da begen ɗan sanda ya zama na kowa, kada ya zama bawan hakimi ko na jam'iyya. Niyya ce mai kyau. Amma sāke riga ba ya sāke zuciyar mai sa ta.

Ga abin da ya bayyana a fili. A shekarar 2005 aka kama Tafa Balogun, wanda ya riƙe sarautar Sufeto Janar, watau shugaban dukan 'yan sandan Nijeriya, bisa zargin dukiya ta biliyoyin naira. Ya amsa laifi a gaban kotu, aka ɗaure shi wata 6. A shekarar 2013 wani babban ma'aikaci na ofishin fanshon 'yan sanda ya amsa cewa da hannunsa cikin satar fiye da naira biliyan 20, kuɗin tsofaffin 'yan sanda da gwaurayensu. Kotu ta ce ya zaɓa, ko ɗaurin shekara 2, ko tarar naira 750,000. Ya biya tarar ya tafi gida, sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta sāke hukuncin ta ɗaure shi shekara 6. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa kuma, tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, ta bi gida gida tana tambaya a shekarar 2016, ta iske kusan rabin waɗanda suka yi hulɗa da ɗan sanda cikin shekara guda sun ba da cin hanci. Da aka sāke tambaya a 2019, ya sauko zuwa kamar kashi ɗaya cikin uku. Wannan saukowa abin godiya ce, tana kuwa ƙaryata masu cewa abin ba shi da magani.

Me ya kan faru sa'ad da jama'a suka fid da zuciya? Wanda aka yi wa sata ba ya zuwa caji ofis, gama yana tsoron a ce ya kawo kuɗin takarda da na mai. Wanda ya ga ɓarawo ba ya ba da shaida. Mutane su kan ɗauki doka a hannunsu. Mun ga haka a gabashin jihar Sakkwato, inda 'yan bindiga suka addabi ƙasar Sabon Birni da Isa da Goronyo: ƙauyawa suka kafa 'yan sa-kai domin su tsare kansu, waɗansunsu kuwa suka shiga kashe mutane ba shari'a, ramuwa ta haifi ramuwa, har gwamnatin jiha ta haramta su a shekarar 2021. Ba mu ce cin hanci kaɗai ya jawo wannan ba. Akwai ƙarancin 'yan sanda, da talauci, da tsohuwar gaba tsakanin manomi da makiyayi. Amma inda mutane ba su gaskata mai tsaro ba, mugu ya sami ƙofa a buɗe. A watan Oktoba na 2020 kuma samari suka cika titunan Legas da Abuja da waɗansu birane saboda zaluncin sashen da a ke kira SARS, har aka rushe shi ran 11 ga watan. Dattawan Isra'ila ke nan a ƙofar Sama'ila, cikin wata tufa.

Duk da haka, ɗan'uwa, ka tsare zuciyarka daga ƙin ɗan sanda. Kurtun nan da ke tsaye cikin zafin bazara a hanyar Illela ɗan wani ne, uban waɗansu ne. Sau da yawa abin da ya karɓa ba nasa ba ne duka. Ƙungiyar Human Rights Watch ta nuna a shekarar 2010 yadda na ƙasa kan kai wa na bisansa kaso, shi kuma ya kai gaba, wanda ya ƙi kuwa a jefa shi inda ba ya so. A shekarar 2002 ƙananan 'yan sanda sun taɓa yin yajin aiki saboda haƙƙoƙinsu da aka riƙe. Akwai kuma masu gaskiya a cikinsu, Musulmi da Kirista, waɗanda sun ba da ransu suna tsaron ƙauyukan da ba nasu ba. Ka yi musu addu'a da sunayensu in ka san su.

Sa'ad da sojoji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma a bakin Urdun suna tambaya abin da za su yi, bai ce musu su tuɓe kayan sarki ba. Abu uku ya ɗora musu: kada su ƙwace wa kowa kuɗi da ƙarfi, kada su ƙaga wa kowa laifi, su dangana da albashinsu. In kai ɗan sanda ne da ka ba da gaskiya ga Yesu, wannan magana taka ce. Aikinka ba abin kunya ba ne. Manzo Bulus cikin Romawa 13 ya kira mai riƙe da iko ma'aikacin Allah. Amma ka sani za ta yi maka tsada. Abokan aiki za su ce kana ɓata musu kasuwa. Wataƙila girma ya yi jinkiri, wataƙila a yi maka canjin wuri. Ka tuna, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski: ranar da ka karɓi kuɗin mugu, ran nan ka zama baransa. Masu gadin kabarin Ubangijinmu sun ga abin da ya faru da idonsu, amma da aka ba su kuɗi mai yawa suka baza ƙarya, kamar yadda Matta ya faɗa cikin sura 28.

Yawancin masu karanta wannan takarda ba 'yan sanda ba ne, saboda haka bari mu juyo wajenka. Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba a cin hanci da hannu ɗaya. Nan fa ya kamata mu rarrabe abu biyu da hankali, domin kada mu ɗora wa raunana kaya wanda Ubangiji bai ɗora ba. Akwai mutumin da aka tsare shi da bindiga cikin dare, aka ce sai ya bayar, ya bayar domin tsoron ransa. Wannan an yi masa ƙwace ne, zunubin yana kan mai ƙwacen. Akwai kuma wanda takardun motarsa sun mutu, ko ya yi lodi fiye da ƙima, ya miƙa na goro tun ba a tambaye shi ba. Akwai wanda yana bin maƙwabcinsa bashi, ya kai wa ɗan sanda kuɗi domin a jefa maƙwabcin bayan kanta. Akwai wanda ɗansa ya yi laifi na gaske, ya saya masa hanyar fita, wanda aka cuta kuwa ya koma gida da hawaye. Waɗannan ba a zalunce su ba, su ne masu zalunci. Ka bincika kanka a gaban Allah: cikin dukan lokatan da ka bayar, sau nawa aka tilasta ka, sau nawa kuma gaggawa ce kawai, ko son kauce wa abin da ya wajaba a kanka?

Ka dubi Bulus a Kaisariya. Gwamna Filikus ya san ba shi da laifin da ya isa ɗauri. Ya kan aika a kawo shi su yi zance, yana sa zuciya Bulus zai ba shi kuɗi. Bulus kuwa yana da abokai cikin birane da yawa, waɗanda da an roƙe su da sun tara. Da ƙaramin abu da ya fita ya ci gaba da wa'azi, wani ma sai ya ce ai domin aikin Allah ne. Amma ya zauna a tsare shekara biyu cur, har aka sāke gwamna. Abin da ya ba Filikus shi ne magana a kan adalci, da kamun kai, da shari'a mai zuwa, har gwamna ya tsorata. Ka lura kuma Bulus bai yi shiru kamar marar haƙƙi ba. Ya san dokar Roma, ya tsaya a kanta, ya ɗaukaka ƙara zuwa wurin Kaisar.

Haka ya kamata kai ma ka san dokar ƙasarka, gama jahilci shi ne gonar mai cin hanci. Beli a caji ofis kyauta ne, su da kansu sun rubuta haka a bango. Tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu kusa, in babu kuwa cikin kwana biyu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a madadin ɗan'uwansa, ta kuma hana kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Akwai Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, akwai kuma sashen karɓar koke da rundunar ta buɗe a 2015. Ka gyara takardunka tun kafin ka fita. In an tsayar da kai ka yi gaisuwa da ladabi, ban da zagi, ban da gardama da mai riƙe da bindiga. In an ce ka yi laifi, ka roƙa a rubuta, ka biya tara inda a ke ba da rasit.

Na san abin da wata uwa za ta ce: Malam, ɗana yana bayan kanta kwana uku, ba laifin tsaye ba na zaune, an ce in kawo kuɗi, in bar shi ya ruɓe? Ba ni da amsa mai sauƙi gare ki, ba kuwa zan jefe ki da dutse ba. Amma kada ki tafi ke kaɗai. Ki gaya wa mai wa'azi da dattawan ikilisiya, su ɗauki mutum biyu ko uku masu mutunci, da lauya in akwai cikin 'yan'uwa, su nemi ganin babban jami'in wurin da rana tsaka. Abin da a ke nema a ɓoye wurin mace ɗaya, da wuya a neme shi a gaban shaidu biyar. Ikilisiyar da ke hana mutanenta ba da rashawa, sa'an nan ta bar su su kaɗai a bakin kanta, ta yi rabin aikinta ne. Haka kuma in wanda aka tsare maƙwabci ne Musulmi, ku raka shi kamar naku.

Saura kai wanda zuciyarka ta kāshe ka sa'ad da ka ke karatun nan, domin ka riga ka karɓa, ko ka riga ka sayi shari'a a kan wani. Allah ba ya karɓar rashawa. Sadakarka ba za ta toshe bakinsa ba, ko baikon da ka ke sakawa ran Lahadi. Gafara kyauta ce, Yesu Almasihu ya biya tamaninta da jininsa a kan gicciye, mai tuba kuwa ba za a kore shi ba. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, ya yi arziki da irin wannan hanya. Ranar da Yesu ya sauka gidansa, ya miƙe tsaye a gaban mutane ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Ka karanta labarinsa cikin Luka 19 a wannan mako. Sa'an nan ka ɗauki takarda ka rubuta sunayen waɗanda ka cuta da abin da ka karɓa, iyakar abin da ka tuna, ka kai wa mai wa'azinku, ku yi shawara tare a kan wanda za ka fara zuwa gidansa.