DARASI: KWALEKWALE A RUWA MAI KWANCIYA

Kwalekwale tsohon abin hawa ne. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da kwalekwale binne a ƙasa. Masana sun ce ya kai shekara 8,000. Har gobe da irinsa mutanen bakin kogi suke su, suke fito, suke kai amfanin gona kasuwa.

Matuƙi yakan zauna a baya. Inda ruwa yake da zurfi, da filafili yake tuƙi. Inda ba zurfi, sai ya tokari ƙasa da doguwar gora. Idan kogi ya kwanta, ba iska, ba igiyar ruwa, tuƙi yana da daɗi ƙwarai. To, a nan ne mutane suke sakin jiki.

Kwalekwale siriri ne. Abin da yake riƙe shi daidai shi ne nauyi ya zauna ƙasa, kuma a tsakiya. Da mutum ɗaya ya miƙe tsaye, nauyi ya koma sama, sai jirgi ya fara tangaɗi. Sauran mutane su tsorata, su karkata gefe guda, ruwa ya shigo. Don haka mai shiga ya taka tsakiya, ya sunkuya, ya zauna. Buhunan hatsi a shimfiɗa su ƙasa, kada a jibge su wuri ɗaya. Akuya ko tunkiya a ɗaure ta.

Babban abin dubawa shi ne bakin jirgi. Kowane mutum da kowane buhu yana ƙara danna jirgi cikin ruwa. In baki ya kusa shafar ruwa, lodi ya yi yawa, ko da akwai sauran wurin zama.

Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya kife a ruwan Watari, tsakanin Badau da Bagwai a Jihar Kano. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. Ruwan dam ne, ba kogi mai gudu ba. Jirgin ne ya ɗauki fiye da ƙarfinsa.

Jiran sahu na biyu bai kai wannan ciwo ba. Kuma kada a yi fito bayan magariba, domin matuƙi ba ya ganin kututturen da ke cikin ruwa. In akwai rigar kariya, a sa ta, a ɗaure igiyoyinta sosai.

Idan ƙaddara ta sa jirgi ya kife, kada a rungumi juna, domin mai nutsewa yakan ja wanda ya kama. Kwalekwalen katako yakan yi saura a saman ruwa ko ya cika. A riƙe shi, a yi ta kiran taimako. Wanda ke bakin gaɓa kuwa, ya miƙa gora, ko ya jefa igiya ko jarka rufaffiya wadda ba komai a ciki.